Jerin Angwaye da Amare na Ustaz Cindo

A shekarar da riɗi ya yi kyau a gonakin Simsim har buhu ya yi wuya a kasuwa, lajnar unguwar Hausawa ta Gadarif, wato kwamitin unguwar, ta yanke shawarar yin auren jama'i. Abin yana tashe a lokacin: a tara aure da yawa a ɗaura a zama ɗaya, hukuma ta turo babban mutum ya yi kabbara, wata ƙungiyar agaji ta ba kowane ango gado da katifa da tukwane. Aure ashirin da ɗaya aka samu. Na ashirin da ɗayan na Cindo ne, kuma shi kaɗai ne bai tabbata ba.

Cindo ya yi wata bakwai a Hartum yana gadin ɗakin kwamfutoci na wata makaranta. Ya dawo da tsohuwar kwamfuta da aka fitar za a yar, da tabarau marar magani, da laƙabin Ustaz, wanda ba a san wanda ya fara kiransa da shi ba in ba shi kansa ba. Ya kama shago a gefen kasuwa, tsakanin mai gyaran rediyo da wata mai shayi, Haliima. Kwamfutar ba ta nuna hoto. Baƙin gilashi ne da fararen haruffa, sai ka rubuta mata umarni ta yi. Cindo yana cewa masu hoto na yara ne.

Wadda yake nema ita ce Ummusalama, 'yar Malam Adamu manomin riɗi. Ita ta yarda da shi, uwarta ma ta yarda. Uban ne ya tsaya a tsakiya. Ya bari an sa sunan a cikin jerin, amma ya faɗa a gaban mutane cewa shi sana'ar da ya sani ita ce wadda ake ɗorawa a kan sikeli, kuma ba zai buɗe baki ya ce ya bayar ba sai ya ga da idonsa abin da akwatin nan yake amfanawa.

Saboda haka ranar da lajna ta zauna a rumfar Malam Iliya ma'azun, mai ɗaura auren unguwar tun shekara talatin, Cindo ya zo da jawabinsa a shirye.

"Malam, aure ashirin da ɗaya ya fi ƙarfin kan mutum ɗaya," in ji shi. "Ku bar mini. Zan zuba angwaye a fayil ɗaya, amare a fayil ɗaya, kowane suna da layinsa. In buga umarni guda, injin ya ɗauki layin farko na nan ya manna da layin farko na can, na biyu da na biyu, har ƙasa. Kafin ka kurɓi gahawarka ta jabana an gama."

"Fayil ɗin nan kamar ɗaki ne?" Malam Iliya ya tambaya.

"Kamar ɗaki ne, Malam."

"To madalla, tunda ba a cusa maza da mata ɗaki ɗaya ba. In ya yi kuskure fa?"

"Inji ba ya kuskure. Mutum ne yake kuskure."

"Wa zai ba shi sunayen?"

"Ni."

Malam Iliya ya dubi Malam Adamu. Malam Adamu yana duban ƙasan finjalinsa. Aka amince.

Washegari da hantsi, da wuta ta zo, shagon Cindo ya cika har bakin titi. Ya rubuta sunayen da haruffan boko, domin injin bai iya na Larabci ba, abin da Cindo ya bayyana da cewa injin yana girmama su ne. Da yatsa ɗaya yake bugawa, sauran yana ɗage da su sama kamar mai tsoron miya ta taɓa su. Da ya gama ya ce a yi shiru. Ya rubuta paste angwaye amare, wato a manna su, ya karanta bisimilla, ya danna. Sunaye suka zubo a gilashin, kowane ango da amaryarsa a gefe, ashirin da ɗaya cif, babu wanda ya kauce.

Aka yi ta wallahi. Mai gyaran rediyo ya leƙa bayan akwatin ya gani ko akwai wani abu. Na'urar bugawa ta yi kururuwa ta fitar da takarda, Cindo ya liƙa ta a ƙofar shago da kwaɓaɓɓen gari, ya koma ya zauna ya ce wa Haliima ta kawo shayi da madara.

Liƙa takardar nan shi ya jawo komai.

Kafin la'asar Haj Suleiman ya sauka daga raksha, babur mai ƙafa uku. Shi ya ba da bijimin san da za a yanka ranar bikin, kuma ɗansa Mujtaba yana cikin angwaye. Wani ya karanta masa takardar, ya shigo shagon yana jan carbi.

"Ustaz, na ji ɗana ne na goma sha bakwai."

"Yadda sunayen suka zo ne, ya Haj."

"Na goma sha shida ɗan wa ne?"

"Ɗan Musa mai amalanken jaki."

"Musa mutumin kirki ne," in ji Haj Suleiman. "Jakinsa ma haka. San nan kuwa har yanzu yana gidana."

Cindo ya yi murmushin wanda aka kawo wa ƙaramin aiki. Ya buɗe fayil ɗin angwaye, ya cire Mujtaba daga na goma sha bakwai, ya ɗora shi a kan kowa. "Da takarda ce sai an sake rubutu daga farko," in ji shi. "A nan ɗaga mutum ba ya kai minti ɗaya."

Wannan magana ta riga Haj Suleiman isa unguwa.

Da safe mutum shida suna jira a bencin Haliima. Wani ya ce ƙanensa yana sama da shi, alhali shi ya goya shi. Wani ya ce an sa shi ƙarƙashin ɗan 'yar'uwarsa, ta yaya zai karɓi gaisuwa daga yaron bayan wannan. Wani dattijo ya ce kakansa ya riga kakan wane isowa Gadarif da damina uku, a kan hanyarsu ta hajji da ƙafa, kuma kowa ya sani. Tsoho Husaini, wanda matarsa ta rasu kuma zai auri wata bazawara mai suna Jannatu, shi kuwa sai ya cire hularsa ya nuna furfura. Cindo ya ɗaga wannan, ya sauke wancan, ya musanya waɗancan biyu. Kowa ya fita yana sa masa albarka. Bai taɓa jin daɗin rana kamar wannan ba.

Haliima tana wanke kofuna tana kallonsa ta ƙofa.

"Ustaz, kana ta ɗaga angwaye. Amaren fa?"

"Injin ya riga ya haɗa su sau ɗaya, Haliima. Ya san su."

"Ya san su?"

"Ke in kin ga mutum da matarsa sau ɗaya, kina mantawa?"

"Ni ba na mantawa. Amma ni na sha nonon uwa."

"Wannan kuwa ƙwaƙwalwarsa ta fi ta unguwar nan gaba ɗaya."

"Allah ya ƙara masa," in ji Haliima. "Shayi ko jabana?"

Amaren ma ba a bar su a baya ba. Ana saura kwana uku sai ga Haja Larai, shugabar matan unguwa, wadda ba a taɓa yin biki ko rasuwa ba da tukunyarta ba. Ta zauna a kujerar Cindo, shi ya tsaya.

"Ɗana, an ce ka gyara wa maza. Mu an bar mu a hargitse kamar kayan wanki."

"Inna, ai jerin mata yana bin na maza ne da kansa."

"Tun yaushe? Buɗe."

Ya buɗe. Ta sa aka ɗora Hiba, amaryar Mujtaba, a farko, saboda san. Ta sa yaya a gaban ƙanwa a gida uku. Ta sa zawarawa a sama da 'yan mata, ta sake tunani ta ce a raba su, ɗaya a nan ɗaya a can, kada a ce an ware su. Wata yarinya da uwarta ba ta zo gaisuwar rasuwar mijin Haja Larai ba, shekara tara da suka wuce, ta sami kanta a ƙasan ƙasa. Da aka zo kan Ummusalama sai Haja Larai ta dube shi ta gefen ido.

"Taka kuma a ina kake son ta?"

Cindo ya sunkuyar da kai. "Ni dai na bar kaina a ƙarshe, Inna. Mai aiki ba ya sa kansa gaba."

"Kai ka ji da tawali'unka. 'Yar Adamu ba za ta zauna a ƙarshe ba. Sa ta ta huɗu."

Ya sa ta ta huɗu, har yana jin daɗin an girmama masa ita.

Ranar Alhamis da safe, ranar ɗaurin auren, ya sake buga umarnin. Bai dubi gilashin ba, domin yana bayyana wa mai gyaran rediyo yadda yake shirin yi wa jihar gaba ɗaya irin wannan aiki. Takarda ta fito, ya naɗe ta, ya sa a ambulan, ya liƙe. Ya koyi darasi daga ta farko: wadda aka gani ita ake ƙorafi a kanta.

Malam Iliya ya tare shi a bakin filin da aka kafa rumfar taro. "Kawo in sa a karanta mini kafin mutane su zauna."

"Malam, duba aikin inji kamar a auna mudu da tafin hannu ne. Ni zan karanta a lasifika, kai sai ɗaurawa."

Malam Iliya ya ce to. Ya daɗe a duniya, kuma yana son kallo kamar kowa.

Bayan la'asar fili ya cika. Maza a kan tabarmi da kujeru, angwaye a gaba cikin fararen jallabiyoyi, mata a bayan labulen rumfa inda ake jin su ba a ganin su. Gadaje ashirin da ɗaya a jere a gefe, kowanne da katifarsa a naɗe. Babban baƙon daga hukuma ya yi jawabi mai tsawo a kan sauƙaƙa aure, ya ɗaga sandarsa sama, aka yi kabbara. Sannan aka miƙa wa Cindo makirfo.

Ya hura shi sau uku. Ya sanar da jama'a cewa yau ce rana ta farko a tarihin Gadarif, wataƙila ma har Kasala, da ilimin zamani zai shiga hidimar sunna. Ya yage ambulan.

"Na ɗaya. Mujtaba Suleiman, da Hiba Abdullahi."

Waliyyi da wakili suka matso, Malam Iliya ya ɗaura, aka shafa fatiha, guɗa ta tashi bayan labule. Cindo ya nemi idon Malam Adamu a cikin taron, ya same shi, ya gyara tabarau.

"Na biyu. Rufa'i Iliya, da Hanatu Iliya."

Babu wanda ya matso. Rufa'i, wanda yake zaune a gaba, ya juya yana kallon ubansa.

"Sake karantawa, Ustaz," in ji Malam Iliya a hankali.

Cindo ya sake.

"To. Shi ɗana ne. Ita ma 'yata ce. Uwarsu ɗaya, tana bayan labulen nan."

"Wataƙila akwai wata Hanatu Iliya, Malam."

"In akwai, ban sani ba, kuma kada ka faɗa a lasifika, uwarsu tana ji."

Dariya ta fara daga baya ta gangaro gaba. Cindo ya ɗaga hannu. Ya ce wannan daga wurin waɗanda suka kawo sunaye ne, za a bincika, a wuce.

"Na uku. Abubakar Musa, da Jannatu Garba."

Abubakar, ɗan mai amalanken jaki, shekararsa ashirin da biyu. Jannatu ta haura hamsin, kuma ita ce ungozomar da ta yanke masa cibiya. Sai muryarta ta fito daga bayan labule, a natse.

"Na karɓa. Dama tun yana jariri na ga yana da haƙuri."

Mata suka kece. Abubakar ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Tsoho Husaini ya dogara sandarsa ya miƙe, abin da ya ɗauke shi lokaci.

"Ustaz, wata biyar ina kai wa matar nan sukari da ganyen shayi."

"Baba, a yi haƙuri a zauna."

"Ni kuma wa ka ba ni?"

Cindo ya duba ƙasa da yatsa, ya ga sunan, ya ga bai kamata ya faɗa ba, domin jikar Husainin ce. "Ba a zo kanka ba tukuna," in ji shi.

Babban baƙon ya sunkuyo ya tambayi shugaban lajna da Larabci ko wannan wata al'ada ce ta Hausawa. Shugaban lajna ya ce sabuwa ce.

A nan wani mai hankali zai ajiye takarda. Cindo kuwa sai ya ƙara riƙe makirfo.

"Jama'a, ku fahimta. Inji ba ya son kai, ba ya da dangi, ba ya karɓar sukari. Abin da ya haɗa, da hujja ya haɗa, ko da mu ba mu gan ta ba. Ni na tsaya a kan kowane layi na takardar nan."

"Kowane layi?" wata murya ta tambaya. Malam Adamu ne.

"Kowane layi, Baba."

"To ci gaba, ya Ustaz."

"Na huɗu. Abdelrahman Yakubu, da..."

Ya tsaya. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sunan bai canja ba.

"Wuta ce ta ɗauke?" in ji Malam Iliya.

"A'a."

"To karanta."

"Da Ummusalama Adamu," in ji Cindo, nesa da makirfo.

Abdelrahman yana da tarakta da babbar mota, kuma duk damina shi yake yi wa Malam Adamu huɗa a Simsim. Malam Adamu ya tashi, ya kakkaɓe jallabiyarsa, ya tako gaba ba gaggawa, ya zauna a gaban ma'azun inda waliyyai suke zama.

"Malam Iliya, na yi wa akwatin nan mummunan zato," in ji shi. "Ashe yana da hankali. Wannan layin ba ni da ta cewa a kansa."

"Baba," in ji Cindo.

"Yaro mai tarakta, ba ya shan taba, yana gaishe ni a tsugune. Ni da kaina ban yi wannan tunani ba. Abdelrahman, me ka ce?"

Abdelrahman ya duƙar da kai yana danne dariya. "Ni ba na jayayya da ilimi, Baba. Gaban motar ma yana ɗaukar mutum uku."

Waliyyin amaryar Abdelrahman ta gaskiya ya yunƙura zai tashi, na kusa da shi ya riƙe masa hannu ya raɗa masa wani abu, ya koma ya zauna yana murmushi.

"Baba, wannan layin akwai ɗan bayani a kansa," in ji Cindo.

"Injin ya yi kuskure ke nan?"

"Inji ba ya..." Ya haɗiye sauran.

"In bai yi ba, a ɗaura. Malam, bisimilla."

Malam Iliya ya gyara zama, ya buɗe tafukansa, ya fara huɗubar aure da muryar da ya fara ta Mujtaba. Yana ja a hankali, yana ba kowane harafi haƙƙinsa. Cindo ya dubi takardar. Ya dubi layi na ashirin da ɗaya, inda sunansa yake, ya ga a gefensa yarinyar nan da uwarta ba ta je gaisuwar rasuwa ba. Ya dubi Malam Adamu, wanda ya riga ya miƙa hannu wajen wakilin Abdelrahman.

"Ni ne," in ji Cindo.

Malam Iliya ya dakata. "Kai ne wa?"

"Ni na yi kuskuren."

"Makirfon yana hannunka, ɗana," in ji Malam Adamu. "Mata ba su ji ba."

Cindo ya kai makirfo baki. Lasifikar lajna mai ƙarfi ce, an ɗaura ta a kan dogon ƙarfe, ana jin ta har tashar mota. "Ni na yi kuskuren. Na ɗaga angwaye ban ɗaga amarensu ba. Na ɗaga amare ban ɗaga angwayensu ba. Injin layi kawai yake mannawa da layi, bai san kowa ba."

"A Hartum me ka karanta?" in ji Malam Adamu.

Cindo ya rufe ido. "Gadi na yi."

"Gadi sana'a ce," in ji Malam Adamu. "Da ka faɗa tun farko."

Malam Iliya ya karɓi takardar, ya naɗe ta, ya sa ƙarƙashin gwiwarsa don kada iska ta ɗauke ta. Ya ce kowane ango ya tashi ya je ya kamo hannun waliyyin wadda yake nema. Cikin minti biyu aka yi layi, biyu-biyu, babu wanda ya ɓata, babu kuma wanda ya tambayi ko shi na nawa ne. Tsoho Husaini ya riga kowa isa gaba, ya riƙe waliyyin Jannatu da hannu biyu.

Cindo ya tsaya a ƙarshen layi shi kaɗai, hannunsa ba kowa. Aka ɗaura aure goma sha tara yana tsaye. Gadaje suka yi ta raguwa har saura ɗaya. Rana ta yi ja, ladan ya fara gyaran murya. Sannan Malam Adamu ya taso daga inda ya koma ya zauna, ya zo ya tsaya kusa da shi, yana kallon gaba.

"Kama hannun mana," in ji shi. "Ko shi ma sai an danna maka?"

Cindo ya kama.

Da suka durƙusa a gaban ma'azun, Malam Iliya ya tambayi waliyyi ko ya bayar. Malam Adamu ya dubi Cindo sama da ƙasa.

"Na bayar," in ji shi. "Yarinyar tana son shi, kuma yau na ji ya faɗi gaskiya sau biyu a jere. Ban san ko zai sake ba, gara a ɗaura tun tana da ɗumi."